An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Kiran a Guji WordPress da Drupal

A wata maƙala da ta fito kwanan baya, wani marubuci mai sharhi kan fasahar zamani ya yi kira ga ma'aikatun gwamnati, jami'o'i, asibitoci da gidajen jaridu da su kwashe shafukansu na intanet daga kan WordPress, Drupal da Joomla, kuma su yi hakan ba tare da ɓata lokaci ba. Waɗannan su ne manhajojin da ke bai wa ma'aikacin da bai iya rubutun kwamfuta ba damar ɗora labari, hoto ko sanarwa a shafi. Duka ukun kyauta ne, kuma rubutunsu na ciki a buɗe yake ga duk mai son karantawa. A ganin marubucin, nan cutar take. Ya ce manhajar da ɓarawo zai iya saukewa ya yi nazarinta a ɗakinsa ba za ta taɓa zama abin dogaro ba. Ya lissafo dubban kafofin kutse da ake sanarwa duk shekara, ya tuno da bala'in da ya afka wa Drupal a 2014, ya haɗa da tonon asirin Panama Papers. Maganin da ya bayar kashi biyu ne: ko dai a sayi rufaffiyar manhaja daga babban kamfani, ko a ba ɗan kwangila ya gina wata ta musamman wadda babu wanda ya san cikinta.

Damuwar malamin a kan hanya take, kuma ya cancanci yabo da ya taso da maganar da aka daɗe ana kawar wa kai. Shafukan hukumomi na ɗauke da sunayen mutane, lambobin waya, sakamakon jarrabawa da bayanan masu neman aiki, kuma ana fasa su. Sai dai misalan da ya kawo da hannunsa, idan aka bi su da kwanan wata, suna faɗin akasin abin da ya so su faɗa. Hukumar da ta bi shawararsa za ta kashe maƙudan kuɗi ta dawo inda ta baro, ko ma ta faɗa abin da ya fi shi muni.

Drupal: a bi kwanan wata

Ranar 15 ga Oktoban 2014, kwamitin tsaro na Drupal ya fitar da sanarwa mai tayar da hankali. Wani mai bincike, Stefan Horst na kamfanin SektionEins da ke Jamus, ya gano ɓaraka a ɓangaren da ke tace saƙonnin da shafi ke aika wa rumbun bayanai. Aikin wannan ɓangare shi ne hana baƙo cusa umarninsa a cikin abin da ya rubuta a gurbin suna ko kalmar sirri, sai ga shi mai gadin ne da kansa ke da kafar da ake bi. Mai kutse ba ya buƙatar rajista, ba ya buƙatar kalmar sirri. Saƙo ɗaya ya ishe shi ya naɗa kansa shugaban shafin. A ranar aka fitar da Drupal 7.32, gyaran kuma bai wuce layi guda ba.

Mako biyu bayan haka, ranar 29 ga wata, kwamitin ya sake magana, kuma ta biyun ta fi ta farko zafi. Ya ce hare-haren da na'urori ke kaiwa da kansu sun fara ne 'yan sa'o'i bayan sanarwar, don haka duk shafin da ba a saka wa faci, wato gyaran, cikin sa'o'i bakwai ba, a ɗauka an shige shi. Ya ƙara da cewa facin da aka saka daga baya ba zai kori wanda ya riga ya shiga ba. Wanda kuma ya tarar an gyara masa shafi ba da saninsa ba, kada ya yi murna, domin wasu masu kutsen kan toshe kafar da kansu don kada wani ɓarawon ya biyo sawunsu.

A nan marubucin ya tsaya, ya ce ga sakamakon buɗe rubutu. To amma wa ya gano kafar? Mai binciken da ya samu damar karanta rubutun ne, ya kai rahoto a asirce, aka gyara. Wa ya fito ya faɗa wa duniya cewa sa'o'i bakwai ne kawai suka raba wanda ya tsira da wanda aka ci? Masu manhajar ne da bakinsu, duk da sun san maganar za ta taɓa mutuncinsu. Wannan gaskiyar mai ɗaci ita ta sa masu shafuka da dama suka goge komai suka dawo da tsohon kwafi, maimakon su ci gaba da zama da ɓarawo a cikin gida.

Da marubucin ya ƙara taku ɗaya zuwa 2018, da ya ga inda matsalar take a fili. A shekarar, Jasper Mattsson ya gano wata kafar da ta shafi Drupal 6, 7 da 8, wato shafuka sama da miliyan ɗaya. Kwamitin, da ya koyi darasi, ya sanar tun ranar 21 ga Maris cewa kowa ya keɓe lokaci ranar Laraba 28 ga wata domin muhimmin faci na tafe, har sa'ar fitowarsa aka faɗa. Ranar ta zo, facin ya fito. Sai da aka yi kimanin mako biyu kafin a wallafa yadda ake bi ta kafar, a tsakiyar Afrilu, sannan hare-hare suka ɓarke. Mai shafi ya samu mako guda na shiri da mako biyu na aiki.

Duk da wannan rangwame, a watan Mayu mai bincike Troy Mursch ya gano ɗaruruwan shafuka da aka dasa wa Coinhive, manhajar haƙar kuɗin kirifto, ciki har da na gidan namun daji na San Diego a Amurka da na gwamnatin jihar Chihuahua a Meziko. Duk wanda ya buɗe shafin, kwamfutarsa na yi wa ɓarayi ƙwadago bai sani ba. A watan Yuni ya ce ya ƙirga shafuka sama da 115,000 da har lokacin suke kan tsohon zubi. Kwamitin Drupal ya yi jayayya da hanyar ƙirgar tasa, amma shafukan da aka dasa wa Coinhive ɗin tsofaffin zubi ne da ba a sabunta ba. Magani ya riga ciwo isowa da makonni, masu shafin ne ba su sha ba.

Lissafin kafofi da abin da yake nufi

Hujjar marubucin ta biyu ita ce yawa. Gaskiya ne alƙaluman na da ban tsoro. Kamfanin Patchstack, wanda ke tattara irin waɗannan rahotanni, ya ce an samu sababbin kafofi 5,948 a duniyar WordPress a 2023. Abin da maƙalar ba ta faɗa ba shi ne yadda suka rarrabu. Kusan kashi 97 cikin ɗari a jikin fulogin suke, wato ƙananan manhajojin da ake maƙala wa shafi don ya yi wani aiki na musamman, kamar karɓar fom ko jera hotuna. Kusan kashi 3 a jikin rigunan shafi suke, waɗanda ke ba shi launi da fasali. Ainihin WordPress ɗin, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ko kashi ɗaya bai kai ba. Rumbun WordPress kaɗai na ɗauke da fulogin na kyauta kusan 60,000, dubban mutane daban-daban suka rubuta su, wasu ƙwararru, wasu 'yan koyo, wasu sun daɗe da watsar da aikin. Mai shafi ne ke zaɓen wanda zai maƙala, shi ne kuma ke da ikon cirewa.

Sannan akwai girman abin. Ƙididdigar W3Techs na nuna cewa kusan kashi 43 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kan WordPress suke. Manhajar da ta kai wannan girma, idon masu bincike da na ɓarayi duka a kanta yake, kuma masu binciken biyansu ake yi su tono. A Agustan 2024 John Blackbourn ya gano kafa a fulogin ɗin LiteSpeed Cache, wanda shafuka sama da miliyan biyar ke amfani da shi, kafar da za ta bar baƙo ya zama shugaban shafi. Ya kai rahoto, aka ba shi ladar dala 14,400, aka fitar da gyara kafin a bayyana sirrin. Wannan kafa ta shiga lissafin da marubucin ke tsoratarwa da shi, alhali shigarta lissafin shi ne alamar an kama ta. Manhajar da babu mai dubawa ba ta da lissafi ko kaɗan, kuma rashin lissafin bai toshe ko kafa ɗaya ba.

Ko a lokacin da ainihin WordPress ya yi tuntuɓe, labarin bai sauya ba. A Janairun 2017 Marc-Alexandre Montpas na kamfanin Sucuri ya gano cewa a zubi na 4.7.0 da 4.7.1 kowa na iya sauya abin da aka rubuta a shafi ba tare da izini ba. Aka fitar da 4.7.2 ranar 26 ga Janairu, aka jinkirta bayyana wannan kafar har 1 ga Fabrairu, domin tsarin sabunta kai da WordPress ke da shi tun 2013 ya yi aikinsa. Miliyoyin shafuka suka karɓi facin masu su na barci. Bayan an bayyana, masu kutse suka ɓata shafi-shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda suka kashe tsarin sabuntawar ko kuma bai yi aiki a wurinsu ba, ba su kuma sabunta da hannu ba.

Abin da shiru ya jawo

Tun da marubucin na ganin rufin asiri kariya ne, akwai misalin da ya kamata ya duba, domin an gwada. Revolution Slider fulogin ne na kuɗi, na kamfanin ThemePunch, mai jera hotuna a fuskar shafi. A farkon 2014 kamfanin ya gyara wata mummunar kafa da ke ba baƙo damar sauke fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, amma bai yi shelar haɗarin ba. Matsalar kuwa ita ce an cusa wannan fulogin a cikin rigunan shafi masu yawa da ake sayarwa, ta yadda dubban masu shafuka ba su ma san suna ɗauke da shi ba, balle su sabunta. Ɓarayi sun sani, masu kaya ba su sani ba. Sai a watan Satumba Sucuri ta fasa ƙwai, kuma a watan Disamba harin da aka kira SoakSoak ya kama shafuka sama da 100,000, har Google ya sanya sama da 11,000 a jerin waɗanda yake gargaɗin kada a shiga.

Wannan fulogin ne ya sake bayyana a labarin Panama Papers, wanda marubucin ya riƙe a matsayin babbar hujjarsa. Bayan takardu miliyan 11.5 na kamfanin lauyoyin Mossack Fonseca sun fito a Afrilun 2016, masu bincike suka duba shafukan kamfanin. Suka tarar babban shafinsa na ɗauke da tsohon Revolution Slider, shafin hulɗa da abokan ciniki kuma yana kan Drupal 7.23, zubin 2013, wanda ya riga facin Oktoban 2014. Hanyar da takardun suka bi suka fita ba ta tabbata a bainar jama'a ba, don haka ɗora wa WordPress ko Drupal laifin zato ne. Abin da ya tabbata shi ne kamfanin da sana'arsa ita ce riƙe sirrin attajirai da shugabanni ya bar shafinsa shekaru ba gyara. Ko wace manhaja aka ba irin wannan kamfani, haka zai bar ta.

Rufaffiyar manhaja ma ana fasa ta

Tun a 1883 masanin rubutun sirri Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da masana tsaro ke bi har yau: tsari ya kasance mai tsaro ko da abokin gaba ya san yadda aka gina shi, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Kowane maƙeri a kasuwa ya san yadda cikin kwaɗo yake, kuma wannan bai hana kwaɗo mai kyau tsare shago ba, domin amincinsa a ƙarfin ƙirarsa da mukullinsa yake. Masu kutse kuwa ba sa jiran a ba su rubutu. Da zarar kamfani ya fitar da faci, sai su kwatanta sabon zubi da tsoho su ga abin da aka sauya, daga nan su gane inda ramin yake.

SharePoint na Microsoft rufaffiyar manhaja ce, ta kuɗi, wadda manyan hukumomi ke sarrafa takardu da shafukansu na ciki da ita. A tsakiyar 2019 aka bi ta wata kafa a jikinta aka shiga gomman kwamfutocin uwar garke na ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva da Vienna. Microsoft ya fitar da facin watanni kafin nan. Jama'a ba su ji labari ba sai a Janairun 2020, da kafar labarai ta The New Humanitarian ta bankaɗo shi.

Harin 2025 ya fi wannan. A watan Mayu, a gasar kutse ta Pwn2Own a Berlin, wani mai bincike na kamfanin Viettel na ƙasar Vietnam ya nuna hanyar karɓe SharePoint. Microsoft ya fitar da faci a farkon Yuli, amma facin bai toshe ramin gaba ɗaya ba. Ranar 18 ga Yuli kamfanin Eye Security na ƙasar Holan ya ga hare-hare sun kankama, daga baya ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyi da hukumomi kusan 400 abin ya shafa. Rahotanni sun ambaci hukumar da ke kula da makaman nukiliyar Amurka a cikinsu, Microsoft kuma ya ɗora alhakin a kan wasu gungun masu kutse na ƙasar Sin. Hukumomin da suka biya lasisi mai tsada suka zauna jiran kamfani ɗaya tilo, domin babu wani da ke da ikon gyarawa. Haka Sitecore, wata rufaffiyar manhajar shafuka ta manyan kamfanoni: a Nuwamban 2021 cibiyar tsaron intanet ta Ostireliya ta yi gargaɗin cewa ana bi ta wata kafarta ana kutse, bayan kamfanin ya fitar da gyara a watan Oktoba.

Babu wanda zai ce waɗannan manhajoji marasa kyau ne saboda an same su da kafa. Abin da misalan ke nunawa shi ne farashi da rufi ba sa cire mai shafi daga tseren da ke tsakanin fitowar faci da isowar ɓarawo.

Manhajar ɗan kwangila

Shawarar da ta fi haɗari a maƙalar ita ce ta biyu, wato kowace hukuma ta sa a gina mata tata. Marubucin na zaton tun da babu wanda ya ga rubutun, babu wanda zai ga ramin. Amma kafar cusa umarni a rumbun bayanai, irin wadda ta kama Drupal, ba a buƙatar ganin rubutu kafin a gano ta. Akwai manhajoji na kyauta, irin su sqlmap, da ke gwada kowane gurbin rubutu a shafi har su dace. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta sa wannan nau'in a sahun farko a 2010, 2013 da 2017, domin kuskure ne da masu rubuta manhaja ke maimaitawa a ko'ina. Idan ƙwararrun Drupal, da ɗimbin idanun da ke kansu, suka yi shi, me zai hana matashi ɗaya da aka ba wata uku da ragowar kuɗin kwangila ya yi shi sau goma?

Bambancin shi ne, ranar da aka samu kafa a Drupal, akwai kwamitin da zai gyara, akwai ranar Laraba da aka san sanarwar tsaro na fitowa, akwai dubban masu shafuka da za su yi ta yaɗa labari. Ranar da aka samu kafa a manhajar ɗan kwangila, babu mai sanarwa, babu mai gyara, shi kansa mai ginin wataƙila ya sauya lamba ko ya bar sana'ar.

Shafin da ba shi da mai kula shi ne abincin masu kutse, kuma kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya ya ɗanɗana. A Oktoban 2015 aka bi ta wasu tsofaffin shafuka da ya gada lokacin da ya sayi harkar Tiscali a 2009, aka kwashi bayanan abokan ciniki 156,959 ta hanyar cusa umarni. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016, tana mai cewa ya gaza ɗaukar matakan da suka fi kowanne sauƙi.

Inda marubucin ke da gaskiya

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowane lokaci faci ke riga hari ba. A Disambar 2015 an fara kai wa Joomla hari kwanaki kafin zubi na 3.4.6 ya fito. A 2020 fulogin ɗin File Manager, mai shafuka sama da 700,000, ya bar wani fayil a buɗe wanda ɓarayi suka riga masu shi ganowa, sai ranar 1 ga Satumba aka gyara. Akwai kuma cin amana daga ciki: a 2017 aka sayar da fulogin ɗin Display Widgets, sabon mai shi ya cusa masa rubutun da ke wallafa tallace-tallacen banza a ɓoye a shafuka kusan 200,000. A Yunin 2024 aka sace asusun wasu masu fulogin aka gurɓata kayansu, daga bisani WordPress ya wajabta musu tantancewa mai mataki biyu daga watan Oktoba. Buɗe rubutu ba ya nufin an karanta shi, kuma rumbun fulogin na buƙatar tsauraran ƙa'idoji fiye da na yanzu.

Sai dai ko a nan, masu amfani da masu bincike ne suka karanta rubutun Display Widgets suka ga dasisar, aka cire shi daga rumbun. Kuma maganin waɗannan haɗurra sananne ne: rage yawan abin da ake maƙalawa, sa katangar tsaro a gaban shafi, da ajiye kwafi a wani wuri daban.

Inda jakin yake

Duk wanda ya san yadda ake ba da aikin shafi a ma'aikatu da makarantu ya san inda gizo ke saƙar. Ana ware kuɗin gini, ba a ware na kula. A ƙaddamar da shafi, a yi hotuna, a sallami ɗan kwangila, wani lokaci ya tafi da kalmar sirrin shugaban shafin a aljihunsa. Don a rage kashe kuɗi, wasu masu ginin kan sauko da fulogin da riguna na kuɗi daga wuraren da ke raba kwafin sata. A 2019 kamfanin Wordfence ya nuna cewa ta wannan hanya ce WP-VCD, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi addabar shafukan WordPress a lokacin, ke yaɗuwa: mai shafi ne ke shigo da ita da hannunsa, kuma kwafin sata ba ya karɓar sabuntawa. Wasu shafukan kuma na zaune kan zubin da aka daina kula da shi: Joomla 3 ya kai ƙarshensa a Agustan 2023, Drupal 7 kuma ranar 5 ga Janairun 2025.

A Najeriya, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar da gargaɗi a 2024 kan kafar LiteSpeed Cache ɗin nan, ta ce a sabunta. Gargaɗi irin wannan na da amfani ne kawai idan akwai mutumin da aikinsa ne ya karanta shi ya aiwatar a ranar. Doka ma ba ta tambayar sunan manhaja. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyin a kan mai riƙe da bayanan, ta wajabta masa sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, ta kuma tanadi tarar da ga manyan masu riƙe bayanai za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Gwamnatocin da suka ɗauki abin da muhimmanci gyaran kula suka yi. Ostireliya ta gina GovCMS a kan Drupal, dandali guda da hukumomi da yawa ke ɗora shafukansu, ƙwararru a wuri ɗaya na saka faci ga kowa. Shafin fadar White House ya koma Drupal a 2009, ya koma WordPress a 2017, duka biyun buɗaɗɗu. Waɗannan ba wuraren da ɓarayi ke ragawa ba ne.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar ƙaura ba. Kowace kwangilar shafi ta ƙunshi kuɗin kula na shekara-shekara, da sunan wanda zai saka faci, da adadin sa'o'in da aka ba shi idan sanarwar gaggawa ta fito. A bar tsarin sabunta kai a kunne. A rubuta jerin duk fulogin da ke jikin shafi, a goge wanda ba a amfani da shi, domin kashe shi kawai ba ya cire fayilolinsa daga uwar garke. A haramta kwafin sata. Duk mai ikon shugabanci a shafi ya yi amfani da tantancewa mai mataki biyu, a kuma rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki a ranar da ya tafi. A raba shafin sanarwa da rumbun da ke ɗauke da bayanan mutane, kada fasa ɗaya ya buɗe ɗayan. A riƙa ajiye kwafi, a kuma gwada dawo da shi tun kafin ranar buƙata. Shafin da ba ya sauyawa sai sau biyu a shekara kuwa, a mayar da shi shafi tsayayye marar rumbun bayanai, a huta.

Kiran a guji WordPress, Drupal da Joomla kuskure ne, kuma shugabannin hukumomi su yi watsi da shi. A maimakonsa, kowane shugaba ya kira jami'in da ke kula da shafinsa a wannan makon ya tambaye shi abu uku: wane zubi ake kai, yaushe aka saka facin ƙarshe, kuma wa zai tashi cikin dare idan sanarwa irin ta Oktoban 2014 ta sake fitowa. Marubucin, wanda alƙalaminsa ke da masu sauraro, zai fi yi wa jama'a amfani idan ya juya shi wajen matsa wa hukumomi lamba su sa kuɗin kula da shafukansu a kasafin shekara mai zuwa.